Takardar Juma'a

Kakata ta rasu a daminar 2018, a ɗakin da aka kawo ta tana amarya cikin Birni, tsohuwar unguwar Zinder. Ranar sadakar bakwai muna zaune a zaure, sai wani ɗan ƙanena da ya taso a Yamai ya yi tambaya irin ta yara: wai mu daga ina kakanninmu suka zo Damagaram? Mutum uku suka ba shi amsa uku. Baffa ya ce Borno. Ƙanensa ya ce a'a, daga wajen Mirriya. Gwaggo ta leƙo daga cikin gida ta ce Agadas, ta hanyar fatauci. Kowa kuma in ya gama sai ya ce, "Da Iya na nan da ta warware maka." Da ta warware ɗin kuwa, don ta sha ba da labarin. Ni kaina na ji shi ya fi sau ashirin, hannu ɗaya cikin tuwo, ɗaya a kan salula. Da na lalubi kaina a ranar, abin da na taras ya rage mini bai wuce biyu ba: wata rijiya da na manta sunanta, da wani raƙumi mai ido ɗaya.

Ni mushe ne, wato malamin makaranta, a wata lakwal ta firamare, ban taɓa ɗaukar kaina marubuci ba. Bayan sadakar arba'in na sayi kaye, wato littafin rubutu, mai shafi 200 da bik biyu, da niyyar in bi tsofaffin unguwa in haɗa labarin gidanmu kaɗai, in ajiye wa yara. Ashe a Birni ba a jan labarin gida ɗaya ba tare da na maƙwabta ya biyo shi ba, kamar yaɗon kabewa.

Dattijon da na fara zuwa wurinsa yana zaune a gindin katangar masallaci bayan la'asar. Na gaishe shi, na durƙusa, na buɗe kaye a kan gwiwa. Ya dubi kayen, ya dube ni.

"Ɗan nan, gwamnati ce ta aiko ka?"

"A'a, Baba. Ni ne dai."

"Ko masu rabon taimako ne? In su ne, fara rubuta sunana."

Da na ce tarihi nake nema, sai ya ce shi bai san kome ba, in tafi fada. A fada kuma, ina nufin ta Sarki, aka karɓe ni da mutunci aka ce in dawo wani lokaci. Wata biyu na yi ina yawo da kaye, shafi huɗu kawai na cika. A hankali na koyi barin kayen a gida. In tafi da goro ko ƙullin sukari, in zauna sau biyu sau uku ban tambayi kome ba. Sannan wata rana, cikin rashin sani, na gano mabuɗin. Muna hira da wannan dattijon na ce ai ganuwar Birni Nasara ne suka gina ta. Kafin in rufe baki ya miƙe zaune. Wane Nasara? Sarki Tanimun ne! Ya yi fiye da sa'a guda yana ba ni labarin ganuwa da ƙofofinta, da igwar da maƙeran Tanimun suka zuba a nan garin, ba tare da na ƙara tambayarsa kome ba. Tsofaffinmu suna iya share tambaya, amma ba su iya barin kuskure ya wuce ta gabansu. Ban san wannan zai zama labarin dukan shekarun da suka biyo ba.

Muna da tamu fadar, ta shayi, a ƙofar shagon wani abokina tela. Can nake kai abin da na jiyo, ina ba su da baki. Telan ne ya gaji ya ce, "Mushe, kullum kai ka ji, kai ka ji. Ka buga mana a takarda mana, wanda ba ya nan ya gani." A farkon 2020 na fara. Na ɗaura wa kaina doka biyu: takarda ɗaya kowace Juma'a, kuma kada ta wuce shafi guda. Dokar farko na karya ta ba adadi. Ta biyun ita ce ta jefa ni cikin abin kunya, zan zo kanta.

Wahalar da ban zata ba ita ce rubuta Hausar kanta. Na sha ta a nono, amma duk karatuna da Faransanci na yi shi, ba a taɓa zaunar da ni an ce ga yadda ake raba kalmomin Hausa ba. Shin "yana" ne ko "ya na"? Shin in rubuta "lahiya" da "tahiya" yadda muke faɗa, ko "lafiya" da "tafiya" yadda nake gani a littattafan Kano? Sai da na aro ɗan littafin ƙa'idojin rubutu daga wani abokin aiki da ya taɓa koyarwa a lakwal mai harshe biyu, a nan na san cewa ma'aikatar ilimi ta tsayar da ƙa'ida tun 1999, kuma mu a Nijar muna rubuta ƴ mai lanƙwasa inda ƴan Najeriya ke sa 'y. Daga baya na yanke shawara: maganata in rubuta ta daidaitacciya, maganar tsoho in bar ta yadda ta fito daga bakinsa.

Sai kuma haruffa masu ƙugiya. A salula na sauko da kibod ɗin Hausa, na zauna na buga takardar farko da yatsa ɗaya, kowane ƙ da ɗ da ɓ a wurinsa. Na kai wa mai fotokofi, ya zuba a tsohuwar kwamfutarsa, ya buga. Duk inda ƙugiya take sai ɗan akwati ya fito. Yaron shagon ya ce abu mai sauƙi, ya goge akwatunan ya sa haruffa marasa ƙugiya, ni kuma ban duba ba. Jimlar da na rubuta cewa Sarki ya tarbi baƙi a ƙofa sai ta koma Sarki ya tarbi baki a kofa. Na zauna a kan benci da bik ina ɗora wa kowane harafi ƙugiyarsa da hannu kafin a yi kwafi. Mako shida na yi haka, sannan wani ɗalibin jami'a ya nuna mini yadda ake mai da rubutun PDF tun daga salula, ya fito yadda aka sa shi. A lokacin bugu ɗaya dala 20, kwafi ashirin dala 100, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce. Sefa 600 ke nan kowane mako, ban da goron tsofaffi da kuɗin kabu-kabu.

Takardu goma na farko, in faɗi gaskiya, ba wanda ya karanta su. Ana karɓa da hannu biyu, a ce madalla, a ninke a sa aljihu. Tela ya liƙa ɗaya a ƙofar shago, iskar hunturu ta ɗauke. Wata Asabar na iso fada na taras da yaron da ke dafa mana shayi yana fifita gawayi da wata takarda da aka ninke huɗu. Na gane ta tun daga nesa. Ita ce wadda na yi kwana tara a kanta, kan Bajamushen nan Barth da ya sauka Zinder a ƙarshen 1852. Ban ce kome ba, na sha shayin, kuma ya yi daɗi.

Ta goma sha ɗaya ita ce kan zuwan Nasara. Na shirya ta da kyau. Na rubuta yadda Kyaftin Kazamaju ya iso a 1898 a kan hanyarsa ta zuwa wurin Rabe mai mulkin Borno a lokacin, yadda aka kashe shi a nan zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, yadda sojan Faransa suka dawo a Yulin 1899 aka gwabza a Tirmini suka shiga gari, aka kashe Kuran Daga a cikin shekarar, suka naɗa ɗan'uwansa Amadu ɗan Bassa, wanda shi kuma suka tuɓe a 1906 bisa zargin shirya tawaye suka kai shi Kodibuwa. Da muka je bugawa, rubutun ya haura shafi da layi biyu. Ana kiran sallar Juma'a, mai shago yana son rufewa. Na ce wa yaron ya cire layi biyu daga tsakiya, na nuna masa da yatsa. Layukan da suka raba Amadu da Amadu ke nan. Takarda ta fita tana cewa Kuran Daga Nasara suka kama suka kai shi Kodibuwa.

Ranar Lahadi da safe aka yi sallama a ƙofar gida. Wani yaro ne, ya ce kakansa na kirana. Tsohon ya yi dogaranci a fada shekaru masu yawa, idonsa ya riga ya tafi, jikan ne ya karanta masa. Na same shi a zaure da wasu tsofaffi uku, takardata a shimfiɗe a kan tabarma an danne ta da carbi.

"Kai ne mushen?"

"Ni ne, Baba."

"Ɗan wane gida?"

Na faɗa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Jikan wance ne ya rubuta cewa an kama Kuran Daga da rai? Da tana nan da ta ja kunnenka." Na fara bayanin layi biyu da kiran salla, ya ɗaga hannu. Shi bai san layi ba, abin da aka karanta masa ya sani. Daga nan ya fara, tun daga Tanimun da rasuwarsa a 1884, har zuwa Bellama da Nasara suka ɗora a kan gari bayan ɗan Bassa, har dawowar sarauta hannun Barma Mustafa a 1923. Sauran ukun suna tsoma baki, suna musu da shi a kan wanda ya riƙe wace sarauta. Na roƙi izini na kunna salula ta ɗauka. Ban fita zauren ba sai azahar.

Juma'ar da ta biyo na buga gyara, na sa a sama da manyan haruffa cewa na yi kuskure. Kwafi ashirin suka ƙare kafin la'asar, na koma na ƙaro goma. Mutanen da ba su karanta ta farkon ba suka riƙa nemanta don su ga kuskuren da idonsu. Abin ya ba ni haushi a lokacin. Goma na rubuta daidai ba wanda ya tanka, ɗaya na ɓata gari ya ɗauka. Amma daga ranar aka fara tare ni a hanya. "Mushe, abin da ka ce kan kasuwar Dole ba haka ba ne." "Mushe, zo ka ji na gidanmu." Shekarun da tsofaffi suka ba ni da lissafinsu, shekarar Kakalaba, zamanin Sawaba, yunwar El-Buhari, ina komawa in daidaita su da na littafi. Mafi yawa ina dubawa a aikin marigayi André Salifou, wanda jami'ar garin nan ke ɗauke da sunansa, da ya rubuta kan Damagaram ta ƙarni na 19. Inda littafi da baki suka saɓa, sai in sa duka biyun in ce wane ya ce kaza, littafi ya ce kaza. Wannan ma yana jawo musu, musun kuma yana kawo sabon labari.

Har yau ban gane abin da mutane ke so ba. Takardar da ta fi kowace yawo ba ta sarakuna ba ce. Wani mako ne ban shirya kome ba, daren Alhamis na zauna na rubuta yadda Iya ke yin alkaki: yadda take barin alkamar ta kwana ta yi tsami, yadda take naɗe shi a yatsa, da yadda take cewa wanda aka tsoma a sukari maimakon zuma ba alkaki ba ne, abin yara ne. Rabin sa'a na yi a kanta. Mata suka riƙa aiko yara neman kwafi, wasu don su yarda, wasu don su aiko mini da saƙon cewa Iya ba ta iya ba. Wani ya ɗauki hotonta da salula, sai ga shi an kira ni daga Agadas, wani kuma daga Libiya, wai ya karanta ya tuna uwarsa. Barth kuwa har yau ba wanda ya tambaye ni shi.

Akwai wadda ba na son tunawa. A 2021 wani tsoho ya ba ni labarin bayin sarki na zamanin Tanimun, yadda wasunsu suka riƙe manyan muƙamai suka ja runduna, har ƴaƴan sarauta na shakkarsu. Labarin ya burge ni. Na rubuta shi da niyyar yabo, na ambaci sunan wani jarumi daga cikinsu, na kuma faɗi unguwar da zuriyarsa take. Ban san ana tsakiyar maganar aure tsakanin wannan gida da wani gida ba. Kwana uku bayan haka babban wan gidan ya zo har lakwal, ya jira aka tashi yara. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Mushe, mun taɓa yi maka wani abu?" Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Baffa ne ya raka ni ba da haƙuri, da daddare, kamar masu zuwa biko. Na bi gida gida ina karɓo takardar. Talatin na raba, goma sha tara na samu. Auren an yi shi daga baya, amma an ja wata biyar, kuma na san a cikin watannin nan akwai yarinyar da ta yi kuka saboda shafi ɗaya da na buga a kan dala 20. Abin da na rubuta gaskiya ne, kuma a ganina babu abin kunya a cikinsa, mutumin ya fi da yawa daga cikin masu rawani jarumta. Har yanzu ina jin ciwon cewa a garin nan ba a iya faɗin wannan a fili. Sai dai ba ni ne zan biya kuɗin faɗinsa ba, wasu ne, kuma ban tambaye su ba. Tun daga nan duk takardar da ta taɓa wani gida, sai na je na karanta musu ita a zaurensu kafin ta ga injin bugawa. Sau huɗu aka ce kada in fitar. Suna nan cikin kaye.

Maiɗakina da farko ba ta ɗauki abin da wani muhimmanci ba. In ta ga na fito da dala ɗari ranar Alhamis sai ta ce, "Malam, wannan na cefane ne ko na tarihi?" Amma ita ce ta buɗe mini ƙofar da ba zan iya shiga ba. Wata rana ta ce duk takardunka maza ne da dawaki, su matan garin ba su yi zamani ba? Ta karɓi salula ta shiga wurin tsofaffin mata. Abin da ta fito da shi kusan duk ruwa ne. Tashin asuba da tulu, layin rijiya, ruwan tafki da kurkunun da yake sa wa mutane, amaryar da aka auna hankalinta da yadda take tattalin randa. Na taɓa rubuta cewa Zinder ce babban birnin ƙasa daga 1911 har 1926 da aka mai da shi Yamai, na kawo dalilan da ake faɗa, har da kusancinmu da Kano da ke hannun Ingilishi. Wata tsohuwa da aka karanta mata ta ce duk wannan surutu ne, ƙishirwa ce ta kori gwamna. Ban iya musa mata ba, don akasarin takardun nan a bakin pampo na rubuta su, tsakanin ƙarfe biyu da huɗu na dare, ina jiran ruwa ya zo in cika jarkoki. Lokacin ne kaɗai gida yake shiru, kuma dole ne in zauna a farke.

A bazarar 2022 katin ajiyar salulata ya mutu. Ban san ko zafi ne ko tsufa ba, na dai kunna aka ce babu kome a ciki. Na kai wa masu gyara uku, kowa ya jujjuya ya miƙo mini. Hira 41 ke ciki. A cikinsu akwai wajen sa'a shida na tsohon dogarin nan, wanda ya rasu a hunturun da ya wuce. Biyu kawai na riga na kwafe a kaye, sauran kullum ina cewa sai an yi hutu. Muryarsa, da yadda yake tsayawa ya yi tari kafin ya faɗi sunan Sarki, da kirarin da ya yi mini sau ɗaya ya ce ba zai maimaita ba, duk sun tafi. Na taɓa jin an ce a riƙa ajiye abu wuri biyu, na ɗauka maganar masu ofis ce.

Wata huɗu ban rubuta kome ba. Ina so in ce gari ya damu, amma mutum uku ne suka tambaya. Tela, da wata malama a lakwal ɗinmu, da wani ɗan kabu-kabu da ya ɗauko ni daga Sabon Gari. Shi ban ma san shi ba. Muna tafiya ya juyo ya ce, "Mushe, lahiya takarda ta ɗauke? Tsohuwata na tambaya. Ni ke karanta mata ran Juma'a da dare." Da muka isa ya ƙi karɓar kuɗi. Na shiga gida na ɗauko kaye. Abin da na fara yi shi ne na zauna na rubuta duk abin da na iya tunawa daga bakin dogarin, na kai wa abokan zamansa biyu da suka rage, na karanta musu. Kamar yadda na zata, ba su bar ni na kai ƙarshen shafi ba. "Ba haka ya ce ba!" Da gyaransu na maido kamar kashi ɗaya cikin uku. Kirarin bai dawo ba. Yanzu duk hirar da na ɗauka, ba na kwana biyu ban kwafe ta da hannu ba, kuma ina tura wa ƙanena ita ya ajiye a tasa salular.

Sai Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Shagon fotokofi ya koma kan janareta, kuɗin kwafi ya ninka, wani lokaci ka je ka taras a rufe. Cajin salula ma ya zama aiki. Na koma rubutawa da bik, kwafi ɗaya tak, in zo fada bayan la'asar ranar Juma'a in karanta da baki. Na ɗauka koma baya ne. Makon farko mutum takwas, kafin wata biyu tela ya fara aro benci daga maƙwabta. Akasarin masu zuwa ba su taɓa karɓar takardata ba, don ba su karanta boko. Shekara uku ina rubutu a kan tsofaffi da haruffan da tsofaffin ba su sani ba, ban lura ba.

Karatu da baki kuma ya tona mini asiri. Wata rana na karanta wata doguwar jimla mai "wanda" uku a cikinta, na ɗaga kai na ga ana kallona. Wani mahauci ya ce, "To Mushe, yanzu fassara mana da Hausa." Aka fashe da dariya. Da na duba, jimlar Faransanci ce na sa mata riga da hula. Tun daga ranar ba na fitar da takarda sai na karanta wa maiɗakina ita tana aikinta. Inda ta ce "me?" nan zan gyara. Wani malamin allo da ke zuwa sauraro ya fara karɓar takardar yana kwafe ta da ajami don mutanen zaurensa, da tawadarsa da alƙalaminsa na kara. Ya ba ni ɗaya, kan ganuwa. Na sa ta cikin leda na ajiye tare da takardun haihuwar yara. Da wuta ta dawo a 2024 na ci gaba da bugawa, amma karatun Juma'a bai tsaya ba.

Wani ɗan kasuwa da ke sayo atamfa a Kantin Kwari ya tafi da wadda na rubuta kan yaƙin Kuran Daga da Kano zamanin Sarki Alu. Bayan mako biyu ya dawo mini da saƙon murya na minti tara daga wani Bakano, wanda ya fara da "Gaya wa malamin nan naku", ya ƙare da tambayar ko Damagarawa sun shiga Kano ko a waje suka tsaya. A waje suka tsaya, ban kuwa ce sun shiga ba. Amma tsakaninmu da Kanawa akwai wasa, don haka na mayar masa da minti goma sha ɗaya. Har yau muna gaisawa da salla, ban taɓa ganin fuskarsa ba.

Ana yawan tambayata me nake samu. Wasu sun tabbata akwai Turawan da ke biyana a ɓoye. Da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, mutum biyu suka zo yi mini barka, wai yanzu za a kira ni Yamai. Ba a kira ni ba. Abin da na kashe a kwafi da goro da kabu-kabu da na tara shi da ya sayi tsohon babur. Akwai makonnin da nake zama gaban kaye kamar an ɗaure ni, ina tambayar kaina wa ya aike ni. Akwai bukukuwan da ban je ba, akwai gyaran jarrabawar yara da na kai har asuba saboda na ba da daren Alhamis ga wani sarkin da ya mutu shekara ɗari da arba'in.

Labarin gidanmu, wanda saboda shi na sayi kayen farko, shi na fi jinkirtawa, don ban samu kome a kansa ba. A watan jiya na gaji na rubuta ɗan abin da nake da shi, takarda ta 163. Na ce kakan kakanmu ya shigo garin nan da raƙuminsa mai ido ɗaya, ya sauka a bakin wata rijiya da ban san sunanta ba, wanda ya sani ya taimaka. Na karanta a fada, aka watse, ba wanda ya ce kome.

Ranar Talata wata yarinya ta yi sallama, ta ce kakarta a Zango na son ganin mushe mai takarda. Muka tafi da maiɗakina. Tsohuwar tana kwance a kan gado, ta fi shekara casa'in, an tada ta an jingina ta da matashi. Ta sa aka sake karanta mata takardar tun daga farko. Da aka zo wurin raƙumi ta ɗaga yatsa.

"Tsaya nan. Wa ya ce maka raƙuminsa ne?"

"Haka na ji a gida, Inna."

"To ba nashi ba ne. Na kakan mijina ne. Aro ya yi a Tanut, ya ce kwana goma." Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, aka ba ta ruwa. "Har yau ba mu ga raƙumi ba."

Na tambaye ta sunan rijiyar. Ta ce ta gaji, in dawo ranar Alhamis bayan la'asar, in zo da goro fari, kuma in bar wannan abin ɗaukar maganar a gida.